Danwei a biranen Sin: gata ne ko turke?

Kwamared: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana zan ajiye, mai ja ya ja. Tsarin da Sinawa ke kira danwei, wato wurin aikin da ke ɗauke da ma'aikaci da iyalinsa tun daga haihuwa har kabari, shi ne gata mafi girma da leburan birni ya taɓa samu a ƙasa matalauciya. Wargaza shi da aka yi a shekarun 1990 kuwa cin amanar ma'aikata ne.

Ga hujjata. A watan Fabrairun 1951, ƙasar tana fitowa daga yaƙi, gwamnati ta fitar da dokar inshorar ƙwadago, ta kuma gyara ta a 1953. Masana'anta ce ke zuba kashi 3 cikin ɗari na jimillar albashi a asusu, ba a taɓa ko sisi a aljihun ma'aikaci. In ya yi ciwo masana'anta ta biya magani, iyalin da ke ƙarƙashinsa a ɗauke musu rabi. In jinya ba ta wuce wata shida ba, yana karɓar kashi 60 zuwa 100 na albashinsa, gwargwadon daɗewarsa a aiki. Mace ta haihu tana da hutun kwana 56 da cikakken albashi. Namiji ya yi ritaya yana da shekara 60, mace mai aikin hannu tana da 50.

Ku ɗauki babbar masana'anta irin ta motoci da ke Changchun, wadda aka fara ginawa a 1953, ta fitar da babbar motarta ta farko a 1956, ko ta ƙarfe da ke Wuhan, ko ta tarakta da ke Luoyang. Gidajen ma'aikata, asibiti, firamare da sakandare, gidan renon jarirai, ɗakin cin abinci, gidan wanka mai ruwan zafi, sinima, duk na masana'anta ne, ma'aikaci da ƙafa ko keke yake zuwa aiki. Kuɗin haya kashi ɗaya zuwa uku ne na abin da gida ke samu. Kora daga aiki kusan babu ita, shi ya sa suke kiran aikin kwanon shinkafa na ƙarfe, ko ya faɗi ba ya fashewa. A nuna mini wata ƙasa mai irin talaucin Sin na lokacin da ta yi wa leburanta haka.

Malam: Wa'alaikumussalam Kwamared. Duk abin da ka lissafa yana cikin doka, ban ja ba. Tambayar ita ce mutum nawa ne ke cikin katangar, kuma wa ya biya kuɗin gininta.

A 1978 mazauna birni ba su kai kashi 18 cikin ɗari na mutanen Sin ba. Masu aiki a birane kusan miliyan 95 ne: miliyan 74 da rabi a ma'aikatun gwamnati, miliyan 20 da rabi a na haɗin gwiwar jama'a, masu sana'ar kansu kuwa kimanin dubu 150 kacal a faɗin ƙasar. Sauran jama'a, sama da kashi huɗu cikin biyar, suna karkara, ba fansho, ba gidan gwamnati, ba rabon hatsi irin na birni. Kuma ba tsautsayi ne ya bar su a waje ba, doka ce. Tun 1953 gwamnati ta karɓe cinikin hatsi, tana saye daga manomi a farashin da ta yanka, tana sayar wa birni da araha, don albashi ya zauna ƙasa, ribar masana'antu ta koma baitulmali. A Janairun 1958 aka kafa dokar rajistar mazauni, wato hukou, wadda ta hana ɗan ƙauye zama birni sai da izini. Yaro rajistar uwarsa yake gada, har zuwa 1998.

Da yunwa ta biyo bayan Babban Tsalle, wato shirin gaggauta bunƙasa masana'antu da noma da aka fara a 1958, tsakanin 1961 da 1963 an rage ma'aikata kusan miliyan 20, akasarinsu aka mayar da su gona. Su ma kwanon ƙarfe aka ce suna da shi.

Kwamared: Malam, ai da gangan na ce leburan birni. Halin da manomi ya shiga wata muhawara ce, kuma ba zan kare shi ba. Amma rashin gatan manomi ba ya mayar da gatan lebura ƙarya. Wanda bai samu ba sai a nema masa, ba a ƙwace wa wanda ya samu ba.

Hajiya: To Kwamared, mu tsaya a cikin birnin. Kalmar danwei ɗaya ce, amma abin da ke cikinta hawa-hawa ne. Akwai ofisoshin gwamnati da na jam'iyyar kwaminis mai mulki, akwai hukumomin hidima kamar jami'o'i, asibitoci da gidajen jarida, akwai masana'antu da shaguna. Kowace kuma tana da uwar ɗakinta: wata tana ƙarƙashin ma'aikatar tsakiya a Beijing, wata lardi, wata birni, wata gunduma, wata ofishin unguwa. Girman uwar ɗakin ne ke yanke nawa za ka samu na gini, na ƙarfe, na siminti, na gurbin ɗaukar aiki. Dokar 1951 da ka kawo, da farko wuraren aiki masu ma'aikata ɗari ko fiye ta shafa. Ƙaramar masana'antar unguwa, inda matan aure ke liƙa kwalin ashana ko ɗinka safar hannu, sau da yawa ba gida, ba asibiti, fansho in akwai ɗan kaɗan ne.

A cikin masana'anta ɗaya ma akwai na dindindin, akwai na wucin gadi, akwai na kwantiragi da ake ɗebowa daga ƙauye, akwai 'yan koyo masu karɓar ɗan alawus na shekara uku. Aiki ɗaya, inji ɗaya, haƙƙi daban. A bazarar 1957 an yi bore da yajin aiki a wuraren aiki 587 a Shanghai, ma'aikata kusan dubu 30, kuma 'yan koyo da na wucin gadi na sahun gaba. A ƙarshen 1966 na wucin gadi da na kwantiragi suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa suna neman a mayar da su na dindindin, a farkon 1967 aka haramta ta.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne 1969. Wancan kashi 3 da Kwamared ya ambata, asali kashi 70 na kuɗin yana zama a hannun ƙungiyar ƙwadago ta masana'anta, kashi 30 ya tafi uwar ƙungiya ta ƙasa, domin a tallafi inda tsofaffi suka yi yawa. Juyin juya halin al'adu, wato hargitsin siyasar da shugaba Mao ya ƙaddamar a 1966, ya durƙusar da ƙungiyar ƙwadago, a 1969 aka daina tara kuɗin, aka ce kowace masana'anta ta biya 'yan fanshonta daga kuɗin gudanarwarta na yau da kullum. Daga ranar inshora ta mutu, saura alkawarin masana'anta. Ba a ji zafin ba a lokacin saboda ma'aikata matasa ne, kuma asarar masana'anta gwamnati ke cikewa. Ku ajiye wannan, za mu dawo kansa.

Auta: Iyayena, a gafarce ni da tambaya. Wannan ba irin kwatas ɗin Reluwe ba ne, ko garin ma'aikata da aka gina a Ajaokuta? Can ma akwai gidaje da asibiti da makaranta na kamfani.

Malam: Auta, a gini akwai kama, musamman Ajaokuta, tunda ita ma da hannun Tarayyar Sobiyat aka tsara ta, kamar manyan ayyuka 156 da Sobiyat ta taimaka wa Sin da su a shekarun 1950. Bambancin yana ƙofar fita. Ma'aikacin Reluwe a Zariya in ya gaji ya ajiye aiki, ya kama haya a Sabon Gari, ya auno masara a kasuwa, ya buɗe shago. Na Sin ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Daga 1955 har farkon shekarun 1990 hatsi a birni da tikiti ake saye. Ma'aikacin ofis kilo 12 zuwa 15 a wata, mai aikin ƙarfi irin mahaƙin kwal sama da kilo 20, kuma wurin aiki ne ke tabbatar da ajin da kake. Tikitin na garinku ne kawai. In tafiya ta kama, sai ka kai takardar wurin aikinka a canja maka da na ƙasa baki ɗaya, in ba haka ba ko taliya ba za ka ci a tasha ba. Masauki ba ya ba ka ɗaki sai da takardar gabatarwa mai jan hatimin danwei. Rajistar aure ma sai da ita, kuma ba a soke wannan sharaɗi ba sai 1 ga Oktoban 2003.

Sai fayil, dang'an. Ana buɗe shi tun kana sakandare. A ciki akwai ajin da aka sa gidanku, ko talakan manomi, ko mai gonaki, ko ɗan jari-hujja, da sakamakon karatu, da rahoton shugabanni a kanka, da duk horon da aka taɓa yi maka. Yana kulle a ofishin kula da ma'aikata, mai shi ba ya ganinsa.

Ga matakan canjin wurin aiki. Sabuwar danwei ta yarda, kuma tana da gurbi. Tsohuwa ta yarda ta sake ka. Hukumar ƙwadago ko ta ma'aikata ta sa hannu. Sannan a tura fayil a rufe, a mayar da takardar albashi, da rajistar hatsi da mai, in gari daban ne 'yan sanda su mayar da hukou. Inda abin ya fi maƙalewa shi ne mataki na biyu: shugaba ya riƙe fayil, magana ta ƙare. Haka miji da mata ke shekara goma ko fiye a garuruwa biyu, ga hutun ziyarar iyali sau ɗaya a shekara, wanda dokar 1981 ta sa kwana 30. Masu dabara su liƙa sanarwa a turakun lantarki, suna neman wanda zai yi musayar gurbi da su.

Injiniya: Bari in shiga ta gefen gini, don a nan ake yawan yi wa danwei ado. A farkon shekarun 1950 mazaunin birni yana da kimanin murabba'in mita 4.5 na wurin kwana. A 1978 ya koma 3.6. Shekara kusan talatin, wurin ya ragu.

Dalili biyu ne. Na farko, a kasafin ƙasa gida yana cikin abin da suke kira ginin da ba ya samar da kaya, don haka shi ake fara yankewa. Takensu a fili yake: a fara da samar da kaya, jin daɗi daga baya. Filin mai na Daqing, da aka gano a 1959, aka ce a 1964 duk masana'antu su yi koyi da shi, ma'aikatansa a ɗakunan ƙasa da suka daddaɓe da hannunsu suka zauna. Unguwar Caoyang ta Shanghai, da ake kai baƙi su gani, kashin farko gida 1,002 ne, kuma zaɓaɓɓun ma'aikata aka ba. Na biyu, hayar da Kwamared ya yaba ba ta isa gyara ba, balle sabon gini. Rufi ya yi yoyo, bututu ya yi tsatsa, sai a jira kasafin baɗi.

Ginin da ya fi yawa a jami'o'i da ofisoshi shi ne mai hawa uku zuwa biyar, doguwar baranda a tsakiya, ɗakuna hagu da dama, kowanne mita goma sha wani abu. Asali ɗakin kwanan gwagware ne, aure ya same su a ciki. Famfo da makewayi ɗaya a ƙarshen baranda na kowa da kowa. Girki a baranda ake yi da murhun kwal, bango ya yi baƙi, hanya ta cushe da kabeji da kwal da kekuna. Mitar wuta ɗaya ce, ana raba kuɗin bisa yawan ƙwan lantarki ko yawan kawuna, rigimar maƙwabta daga nan take tashi. Ɗumama ɗaki da bututu kuwa sai garuruwan da ke arewa da kogin Huai.

Rabon gida da maki ake yi: shekarun aiki, muƙami, yawan iyali, ko tsofaffi na tare da ku, ko akwai ɗa da 'ya da suka girma a ɗaki ɗaya. Kwamiti ya tara maki ya liƙa sunaye a allo, masu ƙorafi su kawo, a sake liƙawa. Babba ya shiga sabon gida, na bayansa ya gaji wanda ya bari, haka har ƙasa. Inda yake lalacewa: shugabanni kan ware wasu gidaje a gefe kafin a fara lissafi, ana iya canja nauyin maki daga rabo zuwa rabo, kuma wurare da yawa namiji mai aure kawai suke ba wa, mace a ce ta jira na wurin aikin mijinta.

Kwamared: Injiniya, ɗakin ƙarami ne, na yarda. Amma ka kwatanta shi da bukkokin Shanghai na kafin 'yan kwaminis su karɓi mulki a 1949, inda ɗan kamasho ke ɗebo 'yan mata daga ƙauye ya sayar da ƙarfinsu ga masaƙa. Ƙasar ba ta da kuɗi, ɗan abin da ke akwai aka raba.

Ku kuma kalli ɗaya fuskar rashin fita. Ma'aikaci ba ya iya tafiya, manaja ma ba ya iya korarsa. Za su zauna tare shekara talatin, 'ya'yansu aji ɗaya, matansu layin famfo ɗaya. Wannan ƙarfi ne a hannun lebura. Ya iya zama a ofishin manaja ya ƙi tashi sai an duba maganar ɗakinsa, gobe kuma ya dawo aiki. Tsarin albashi na 1956 mataki takwas ne ga masu aikin hannu, na sama bai wuce ninki uku da 'yan kai na na ƙasa ba, kuma gwanin makaniki mai mataki na takwas yakan fi shugaban sashensa albashi. A 1960 aka ɗaukaka tsarin masana'antar ƙarfe ta Anshan: shugabanni su riƙa shiga aikin hannu, ma'aikata su shiga gudanarwa. Sa ido na siyasa da Malam ya kawo aikin jam'iyya ne. Ana iya cire shi a bar asibiti da makaranta.

Hajiya: Ba nan gizo ke saƙar ba, Kwamared. Daidaiton albashi da ka faɗa shi ne ya ƙara wa shugaba iko. Daga 1963 zuwa 1977 ƙarin mataki ya kusan tsayawa cak, in ban da ɗan gyaran da aka yi wa na ƙasa a 1971. An soke kuɗin ƙwazo a lokacin juyin juya halin al'adu. Wanda ya shiga aiki a ƙarshen shekarun 1950 zai iya kaiwa shekara arba'in, da 'ya'ya uku, yana kan mataki na biyu. Da aka buɗe ƙarin a 1977, kusan kashi 40 na ma'aikata aka ce a ba wa, sai wurin aiki ya zaɓa.

In kuɗi ba ya bambanta mutane, kaya ne ke bambanta su, kuma kayan a aljihun tebur ɗin shugaba suke. Keke Phoenix da keken ɗinki Butterfly da muka sani a kasuwanninmu, a can da kuɗinka a hannu ba za ka saya ba sai da tikiti, sashe mai mutum hamsin ya samu tikiti biyu ko uku. Haka tallafin wanda ya shiga matsi, gurbin jariri a gidan reno, aikin ɗa, sa hannun canjin gari. Mai zaman dirshan a ofishin manaja roƙo yake yi da ƙarfi, ba ciniki ba. Ƙungiyar ƙwadagon kanta rabon tikitin sinima da kai gaisuwar rasuwa ne yawan aikinta. 'Yancin yajin aiki ya shiga tsarin mulki a 1975, aka cire shi a 1982.

Malam: Kuma batun cire sa ido a bar asibiti, a aikace ba a taɓa raba su ba, don hannu ɗaya ke riƙe da duka. Daga 1956 har shekarun 1980 manajan masana'anta yana ƙarƙashin kwamitin jam'iyya na wurin. A kamfen ɗin da jam'iyya ta yi a 1957 a kan masu sukarta an liƙa wa mutum kusan dubu 550 sunan 'yan ra'ayin dama, akasari malamai, ɗalibai da ma'aikatan ofis, kuma a cikin wuraren aikinsu aka tsamo su, abokan aikinsu suka zauna taron sukarsu. Wanda aka kora ya rasa albashi, ɗaki, asibiti, wani lokaci har rajistar birni, a rana ɗaya. Ba sai an kori mutum da yawa ba kowa ya gane.

Dokta: Ni ina tsakiya, kuma zan faɗi dalili. Ta fuskar lafiya, danwei ta yi abin da yake da wuyar yi. Asibitin masana'anta yana da sunan kowa. Rigakafin yara, gwajin tarin fuka, duba masu ciki, awon huhun masu aiki cikin ƙura, ba sai an bi mutane gida-gida ana lallashi ba. Mara lafiya ya fara da ɗakin shan magani na sashe, a tura shi asibitin masana'anta, in abin ya fi ƙarfinsu a ba shi takarda zuwa babban asibitin da suke da yarjejeniya da shi, kuɗin ya biyo ta bayan fage. Uwa mai shayarwa tana da lokacin fita ta ba jariri nono a gidan reno da ke ƙofar masaƙa. Wannan ne ya sa matan birnin Sin suka shiga aikin albashi da yawan da ba kasafai ake gani ba.

Matsalar tsarin ita ce babu mai lissafi. Likita ya rubuta, masana'anta ta biya. Ana karɓar magani da sunan ma'aikaci a kai wa dangin da ba su da gata. Da magunguna da na'urori suka yi tsada a shekarun 1980, aka koma ma'aikaci ya biya ya kawo rasit, masana'antar da ke asara ta tara rasit shekara da shekaru ba ta biya ba.

Wannan rajistar da ta sa rigakafi ya yi nasara kuma, ita aka yi amfani da ita wajen dokar ɗa ɗaya daga 1980. Kowane wurin aiki yana da jami'ar tsarin iyali, akwai adadin haihuwar da aka ware masa a shekara, mace sai ta nemi izini kafin ta ɗauki ciki. Dokar aure ta 1980 ta ce namiji 22, mace 20, amma wuraren aiki suna matsa wa mutane su kai 25 da 23. Mai takardar ɗa ɗaya ana ba shi ɗan alawus, yuan 5 a wata a wurare da yawa. Wadda ta haifi na biyu ba izini ta rasa ƙarin girma ko aikin ma, kuma sashenta duka ya rasa lambar yabo da kuɗin da ke tare da ita, don haka abokan aikinta ne ke fara zuwa yi mata magana. Shi ya sa dokar ta kama a birni fiye da ƙauye. A wurina wannan shiga ce cikin abin da bai kamata wurin aiki ya sani ba.

Kwamared: Na karɓi maganar Dokta duka. To a amsa mini rabin magana ta biyu. Ko da turke ne, mutanen nan sun yarda da ƙaramin albashi shekara talatin bisa alkawarin gida, magani da fansho. Da me aka sallame su?

Hajiya: A nan kam ina tare da kai, sai dai ciwon ya girme shekarun 1990. Matasa kusan miliyan 17 aka tura karkara a shekarun 1960 da 1970. Da suka dawo a 1978 da 1979 babu aiki. Sai aka buɗe ƙofa uba ya yi ritaya ɗansa ya gaji gurbinsa, aka kuma sa masana'antu su kafa ƙananan kamfanoni don 'ya'yan ma'aikata. Sinawa da kansu suna cewa aikin mutum uku, mutum biyar ke yi. Dokar 1978 ta sa fansho kashi 75 na albashi ga mai shekara 20 a aiki, 70 ga mai 15, 60 ga mai 10. Yanzu ku tuna 1969: ba asusu. Tsohuwar masaƙa a Shanghai ko Tianjin mai 'yan fansho kusan yawan masu aiki, an ce ta yi gogayya da sabuwar masana'antar ƙauye ko ta 'yan Hong Kong da ba ta da ɗan fansho ko ɗaya, ba makaranta, ba asibiti. Ko manajanta waliyyi ne sai ta yi asara.

A 1986 aka soke gadon gurbi, sababbin ɗauka suka koma kwantiragi. Babban taron jam'iyya na 1997 ya amince a riƙe manyan kamfanoni a saki ƙanana. Ma'aikatan ɓangaren gwamnati suka ragu daga kimanin miliyan 112 a 1995 zuwa kimanin 72 a 2002, ko da yake wani kaso canjin sunan kamfani ne zuwa mai hannun jari. Wanda aka sauke, xiagang, ana kai shi cibiyar neman sabon aiki, ya karɓi kuɗin abinci har shekara uku, bisa tsarin kamfani ya kawo sulusi, gwamnati sulusi, asusun rashin aiki sulusi. Kamfanin da ya mutu ina zai samo sulusinsa? Wasu aka saye shekarun aikinsu da dunƙulen kuɗi sau ɗaya, aka yanke alaƙa. Sabon tsarin fansho ya zo a 1997, inshorar lafiya a 1998, wadda a cikinta mai aiki ke zuba kashi 2 na albashi, wurin aiki kimanin 6. An fara rushe tsohon kafin sabon ya tsaya da ƙafarsa. Arewa maso gabas ta fi shan wuya, kuma a Maris 2002 dubban ma'aikata suka fito zanga-zanga a Liaoyang da Daqing, wancan Daqing ɗin da aka ce kowa ya yi koyi da shi.

Malam: Hajiya, kin yi tuya kin manta da albasa. An sallame su da gida. A shekarun 1990 wuraren aiki sun sayar wa mazauna gidajen da suke ciki da rangwame mai yawa, ana rage farashi bisa shekarun aikin miji da mata, kafin majalisar gudanarwa ta tsayar da rabon gida a Yulin 1998. Wannan dukiya ce babba ta koma hannun ma'aikata.

Hajiya: Ta koma hannun waɗanda ke cikin gida mai kyau ranar da aka busa usur, Malam. Bankuna, ofisoshin tsakiya, kamfanonin lantarki da jami'o'i sun yi ta gini da sayen gidaje a 1998 da 1999 don su raba kafin ƙofa ta rufe. Ma'aikaciyar masana'antar unguwa ba ta da abin saye. Mai gida a tsakiyar Beijing ya wayi gari da dukiya, mai irin wannan gidan a garin kwal da ya mutu yana riƙe da abin da ba mai saye. Hawa-hawan da na lissafa a farko su aka mayar takardar mallaka.

Auta: Wato yanzu danwei ta mutu ke nan gaba ɗaya?

Injiniya: Tsugune ba ta ƙare ba, Auta. Ofisoshin gwamnati, jami'o'i, manyan asibitoci da kamfanonin mai da jirgin ƙasa har yau suna riƙe da fayil, da kwamitin jam'iyya, da alawus masu kauri, shi ya sa matasa ke cika jarrabawar shiga aikin gwamnati. Kula da 'yan fansho da marasa aiki kuwa an mayar da shi ga ofisoshin unguwa tun daga 2000.

A tsofaffin kwatas, sai 2016 gwamnati ta ba kamfanoninta wa'adi zuwa ƙarshen 2018 su miƙa ruwa, wuta, ɗumama ɗaki da kula da gidaje ga hukumomin gari. Aikin ba na takarda ba ne. Layin wuta da bututun ruwa daga cikin masana'anta suka fito, sai an yanke an haɗa da na gari, an sa wa kowane gida mitarsa. Bututun ɗumama na da, ɗaya ne ke ratsa ɗakuna daga sama zuwa ƙasa, ba yadda za a rufe wa wanda bai biya ba sai an sake jan layi gida-gida. Mazauna kuma ba su saba biyan kuɗin shara da gadi ba, kamfanin kula da gidaje ya shigo ya kasa tara kuɗi ya fice.

Benayen shekarun 1980 hawa shida ne ba lifta, waɗanda suka saye su yanzu sun haura saba'in. Gwamnatocin birane suna ba da tallafin liƙa lifta ta waje, amma sai maƙwabta sun amince sun raba sauran kuɗin. Na hawa na shida na so, na ƙasa na cewa zai tare masa haske ya karya darajar gidansa, aiki ya tsaya shekara biyu a kan sa hannun mutum ɗaya.

Kwamared: A da kwamitin gidaje na masana'anta zai sauko da tsohuwar hawa na shida zuwa ƙasa, ya mayar da matashi sama, cikin mako guda. Na janye kalmar "mafi girma", tunda Malam da Hajiya sun nuna yawan waɗanda aka bari a waje. Cin amana kuwa ban janye ba. Hajiya, ki kawo mana lissafin asusun fansho na 1997: kuɗin da aka rubuta da sunan matasa, nawa aka kwashe aka biya tsofaffin da ba a taɓa tara musu komai ba, kuma lardunan Liaoning da Heilongjiang da me suke cike giɓin.